Tsakuwar Barsu

Duk wanda ya zauna da Yaya Habu a Haɗeja, ko na yini ɗaya ne, ya san aljihunsa na dama. Goro yana na hagu, kamar na kowane dattijo. Na dama kuwa wasu 'yan dunƙule-dunƙule ne baƙaƙe masu tauri, ni nake kiran su tsakuwa, kuma su ne abincin karensa. Ana cikin hira a ƙofar gida, ko ana jiran kwale-kwale a bakin kogi, sai ka ga ya zura hannu ya zaro ɗaya, ya duba ta gaba da baya, ya kai baki ya gartsa, ƙas. Rabi ya jefa wa kare, rabi ya tauna ya haɗiye yana gyaɗa kai. Baƙo yakan ɗauka idonsa ne ya yaudare shi, sai ya ga an sake yi. In ya kuskura ya tambaya, amsar ɗaya ce kullum: "Abin da ban ci ba, ba na bai wa na ƙasa da ni."

Ni ce Hajara ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha huɗu tsakaninmu. Da mijina ya rasu na dawo gidansa da 'ya'yana. Matarsa ta riga ta rasu tuntuni, bai kuma sake aure ba, ya ce babu matar da za ta iya da shi. Wannan ce magana ɗaya tak da ya taɓa yi duk unguwa ta yarda ba musu. Ni nake masa girki, ni nake masa wanki, ni kuma nake faɗa da shi, don in ba a yi faɗa da Yaya ba da safe, sai ya yini yana tambaya ko ba ni da lafiya.

Karen ya zo mana ne shekara ɗaya ko biyu bayan an gama yaƙin basasa. Yaya yana da gonar shinkafa a fadama, hayin kogi ta wajen Auyo, wadda in ruwa ya cika sai da kwale-kwale ake zuwa. Shekara biyu a jere gadu da birai suna raba amfanin gonar da shi, kuma su ne masu babban kaso. Wata ranar kasuwar Guri ya tafi sayen igiya. Da yamma ya sauko daga mota babu igiya, sai wani ɗan kwikwiyo ja, ƙafafu zalau-zalau, yana leƙowa daga cikin buhu.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ma'aikaci na ɗauko."

"A gidan nan zai kwana?"

"A bayan katanga. Na riga na tambayi liman, karen gona ne, ya halatta. In ke ma kina da tambaya ki je, yana nan bai tafi ko'ina ba."

Ban je ba, amma na ƙi karen nan ƙi na gaske, ba zan ɓoye muku ba. Duk kwanon da inuwarsa ta gifta sai na wanke. Maƙwabta ma ba su yi shiru ba, wannan ya ce kaji, wancan ya ce yara, wani ya ce dattijo da furfura yana yawo da kare a gari kamar ɗan farauta. Duk wanda ya kawo wa Yaya abin da ake cewa, sai ya kaɗa hannu ya ce, "Bar su." Ya faɗa ya sake faɗa, har karen ya fara ɗaga kunne in ya ji kalmar. Daga nan ta zama sunansa, Barsu.

Kafin ya yi wata shida Barsu ya zama abin da ba ya zama. Ya bi ƙadangare, ya bi inuwar shaho, ya cinye takalmin Yaya ƙafa ɗaya. In za a haye kogi ba ya shiga kwale-kwale, sai ya faɗa ruwa ya riga kowa isa, ya tsaya a gaɓa yana haushi wai an yi jinkiri. Ni dai abin da na sani game da abincin kare shi ne abin da kowa ya sani, ragowar tuwo da miya a fasasshen kasko. Haka na riƙa zuba masa. Sai wata rana Yaya ya dawo daga gona fuska a murtuke.

"Hajara, kin kashe mini ma'aikaci."

"Ya mutu?" Na tambaya, kuma Allah ya yafe mini yadda na tambaya.

"Gara ya mutu. Yana kwance a gindin giginya ciki ya yi tsiri, birai suna tsallake shi. Ɗaya har ya tsaya ya dube shi. Tuwo da miya abincin mai zaman zaure ne."

Ya zauna ya yi mini bayani kamar wadda ta roƙa. Shi yana kwana uku ko huɗu a bukkar gona, tuwo kuwa kwana ɗaya ya yi tsami. Kare mai tasowa, mai gudu tun safe har faɗuwar rana, busasshen abu yake so, wanda zai shiga aljihu, ya haye kogi bai lalace ba, ya riƙe ciki bai sa nauyi ba. Na ce to ya je ya nemo. Ban san na buɗe wa kaina aikin shekaru ba.

Ya fara da ƙanzo zalla, wato ɓawon tuwon da ke kamawa a gindin tukunya, a kankare a shanya. Sati biyu haƙarƙarin Barsu ya fito ana ƙirgawa. Ya koma ƙuli-ƙuli zalla, cikin kare ya ɓaci, bayan katangarmu ya zama wurin da ba a bi. Ya gwada busasshen kifi, ƙaya ta maƙale masa a wuya, sai da Yaya ya zura hannu har wuyan hannu ya zaro. Wani ya ba shi shawarar dusa, ya dube shi ya ce, "Ka ga ƙaho a kansa?"

Abin da ya fi ba ni kunya a duk wannan bincike shi ne sandar. Yaya ya yanko wata 'yar sanda ya jingine ta a bayan katanga, ba ta da aiki sai ɗaya. Kullum ya dawo daga masallaci da asuba, gari ya ɗan waye, sai ya tafi inda Barsu ya yi kashi, ya tsuguna yana tonawa yana nazari. Mutane suna wucewa gona suna gaishe shi, yana amsawa bai ɗago kai ba.

"Malam Habu, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Gyaɗa ta yi yawa jiya."

Na ce masa, "Yaya, don girman Allah ka bari sai mutane sun wuce. Ina da 'ya'ya mata da za su yi aure a garin nan."

Ya ce, "Baki yana iya yabon abinci don kunya. Ciki ba ya munafunci, abin da ya shiga jiya shi yake ba da labarinsa da safe."

A ƙarshe ya tsaya a kan haɗinsa. Ƙanzon gero ne mai yawa, sai kan kifi busasshe a daka shi lilis a tankaɗe ƙayar, sai ƙuli-ƙuli kaɗan, sai ƙashi da aka ƙona aka niƙe. Babu barkono, babu albasa, gishiri ɗan abin da yatsa biyu za su ɗauka. A kwaɓa da ruwa, a dunƙula ƙanana, a shanya kwana uku a kan rumfa. Wa zai daka? Hajara. Wa zai tankaɗe? Hajara. Amma duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar maganar ƙanzon. Ni mace ce da tun ina budurwa ba a taɓa cewa tuwona ya kama ba, uwarmu da wannan take yabona a gidan biki. Sai ga Yaya yana leƙowa madafi da murya mai taushi.

"Hajara, ki ɗan manta da tukunyar nan."

"In manta da ita?"

"Ki ɗan je ki gaida maƙwabta. Ba da yawa ba, ta ɗan kama kawai."

Na ce ba zan ƙona tuwo don kare ba ko sama za ta faɗo. Bai yi gardama ba. Sai ya koyi aika ni neman hularsa daidai lokacin da na tuƙa, shi kuma ya ƙara itace a murhu. Na yi wata guda ina zargin hannuna ya lalace kafin na kama shi da itacen a hannu. Ranar ce ya miƙo mini tsakuwa ɗaya wai in ɗanɗana in ji inda wahalata take tafiya. Na ce, "Ranar da ka ga wannan abin a bakina, ka tara mutane ka ce Hajara ta haukace." Ya yi dariya ya mayar aljihu.

Kan kifin kuwa wajen Iya Tabawa yake samowa, wata dattijuwa a unguwarmu mai bandar kifi, wadda hayaƙin gidanta ba ya ɗaukewa. Kowa kawunan da suka karye yake karɓa ya yi godiya. Yaya sai ya ɗauka ɗaya bayan ɗaya ya shinshina, ya ɓantara ya sa a harshe. Wata rana gidan cike da masu saye ya mayar mata da kwano guda.

"Iya, wannan tarwaɗar ta kwana biyu. Ƙwari sun riga mu."

"Malam Habu, mutane ma suna saye su yi miya da ita."

"Mutum in bai so ba ya ajiye cokali. Shi wannan abin da na ba shi zai ci, ba shi da bakin ƙorafi."

Matan da ke wurin suka dubi kifin da ke hannunsu, biyu suka ajiye. Iya Tabawa ta riƙe abin a ranta.

A cikin bazarar shekarar ne aka manta da wani kaso a kan rumfa har kwana biyar, rana ta gasa shi. Yaya ya ɗauki ɗaya a gaban abokan hirarsa ya gartsa. Ƙarar da muka ji ba irin ta kullum ba ce. Ya tsaya cak, ya tofa a tafin hannu, sai ga rabin haƙori. Ya juya shi ya duba, ya dubi tsakuwar, ya ce, "Wannan ta bushu." Ya jefa wa Barsu rabonsa, haƙorin kuma ya sa a aljihun goro.

Mutum ɗaya ne yake iya zama ya yi musu da shi a kan abincin kare ba tare da an tashi baram-baram ba, shi ne Malam Bitrus, malamin dabbobi, mutumin ƙasar Jos da aiki ya kawo Haɗeja. Shi ya yi wa Barsu allura, kuma shi kaɗai ne bai taɓa yi wa sandar nan dariya ba. A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, kantuna suka cika da abubuwan da ba mu san sunansu ba, Malam Bitrus ya zo wata rana da buhu ɗaure a bayan babur, da hoton wani kare mai gashi buzu-buzu a jiki. Wani Bature ne mai aikin noman alkama ya tashi ya bar masa.

"Baba Habu, ka huta da daka. Wannan daga Ingila aka kawo shi, masana ne suka haɗa."

"Masanan sun ɗanɗana?"

"Ai ba a ci, Baba. Na kare ne."

"To ta yaya suka san ya yi?"

Yaya ya zaro biskit ɗaya daga buhun, mai siffar ƙashi, ya gartsa ya daɗe yana taunawa ido a lumshe.

"Alkama. Ɗan zaƙi. Da wani abu kamar ƙamshin sabulu. Karen Baturen nan wane aiki yake yi?"

"Yana kwance a baranda."

"Na ji a bakina."

Amma Yaya, duk taurin kansa, ba ya yanke hukunci bai gwada ba. Sati guda yana gartsa biskit ɗin yana bai wa Barsu, da yamma kuma ya sa Malam Bitrus ya tuƙa babur a gaɓar kogi kare yana bin sa, shi yana tsaye yana kallon numfashinsa. Gaskiyar da ban taɓa faɗa a gabansa ba ita ce abincin Baturen ya karɓi karen. Gashinsa ya yi sheƙi, gudu bai ragu ba. Yaya ya tsuguna da sandarsa kwana bakwai yana neman aibi bai samu ba, har na fara tausayinsa. Rana ta takwas Malam Bitrus ya zo yana murmushi.

"Yaya aka gani, Baba?"

"Ba shi da laifi."

"To shi ke nan."

"In buhun ya ƙare, Ingila zan tafi, ko kai za ka kai ni a babur?"

Barsu ya koma kan tsakuwarsa. Sauran buhun kuwa Yaya ya ce zubarwa almubazzaranci ne, ya juye a kwanon sha mai murfi yana ci da shayi. Bulama, mai unguwarmu, ya zo gaisuwa wata safiya aka ajiye masa, ya ci huɗu ya ce biskit ɗin Kano daban ne. Allah ya jiƙansa, ya koma ga Ubangijinsa bai sani ba.

A damina ta gaba ne abin ya zo inda ba dariya. Kifin Iya Tabawa ya fara ɓacewa daga kan banda, yau biyu, gobe uku. Ba ta yi dogon bincike ba, ta ce kare ɗaya ne a unguwa wanda aka koya wa ɗanɗanon kifinta. Duk masu jin haushin Barsu suka samu abin da suke jira. Aka kai magana gaban Bulama, ya kira Yaya ya ce don zaman lafiya a ba maharba karen su tafi da shi daji, ko a harbe shi.

Yaya ya dawo gida bai yi faɗa ba, wannan ne ya tsorata ni. Ya shiga ɗaki ya fara naɗe tabarma, ya ɗauko butarsa da bargo.

"Ina zuwa?"

"Bukkar gona. In an kore shi, an kore ni."

A lokacin ya haura sittin, yana da tarin da ba ya sakinsa, ruwa kuma ya cika fadama har bukkar ta zama tsibiri, sauro kamar hayaƙi. Na san Yaya, in ya tafi ba zai dawo ba sai dai a ɗauko shi. Shekara biyu ina addu'ar a raba ni da karen nan, ranar da addu'ar ta karɓu sai na ga da Yaya za ta tafi. Na tsaya a ƙofar ɗakin na ce ba zai wuce ba.

"To ka koma ka kare shi mana. Kai da ba ka rasa magana, yau ce za ka rasa?"

Ya ajiye tabarmar ya koma wajen Bulama da sharaɗi. A ɗaure Barsu a ƙofar gidan Bulama yini guda cur, ruwa kawai, babu abinci. Da la'asar a ajiye masa kifin Iya mafi kyau. In ya taɓa, a harbe shi a wurin, shi da kansa zai riƙe igiyar.

Na ce, "Yaya, kare ne fa. Kare mai yunwa."

Ya ce, "Ki dafa tuwo da miyar kuka, ki sa nama. A haɗa da shi, kada a ce kifi ne kawai ba ya so."

Washegari bayan la'asar ƙofar gidan Bulama ta cika. Mu mata muna leƙe ta bayan zana. Aka jera kwano uku a ƙasa. Tarwaɗar Iya Tabawa mai maiƙo tana ƙyalli, tuwona da miya yana tururi, sai kaskon tsakuwa a gefe, baƙi ƙirin, ko kaza ba za ta kalla sau biyu ba. Wani maharbi yana zaune a kan kututture da bindigarsa a cinya. Yaya yana can nesa a tsaye, hannuwa a baya.

Aka kwance Barsu. Ya yi tsalle ɗaya ya isa kan kifin, ni na rufe ido. Da na buɗe yana tsaye, hanci ya kusa taɓa tarwaɗar, miyau yana zuba har ƙasa, jikinsa yana rawa. Ya shinshina tuwon, ya yi wani ɗan kuka a maƙogwaro. Ya je kan kaskonsa ya tsaya. Sannan ya zauna a kan gindinsa ya juya yana kallon Yaya.

Iya Tabawa ta fito daga cikinmu, mayafi yana zamewa, ta tura masa kwanon kifin da ƙafa har gaban ƙirjinsa. Barsu ya kau da kai gefe.

"Asiri ne," in ji ta.

Bulama ya ce, "Habu, ai ko naka bai ci ba."

Yaya ya tako a hankali, ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa ɗaya daga kaskon, ya duba ta gaba da baya kamar ba mutane ake jira ba, ya kai gefen da haƙoransa suka rage. Ƙas. Ya jefa rabi, Barsu ya cafe a sama, sannan ya faɗa wa kaskon kamar zai haɗiye shi. Kifin yana nan kusa da ƙafarsa bai waiwaye shi ba.

Yaya ya haɗiye nasa rabin ya ce, "Ranka ya daɗe, tun yana ɗan kwikwiyo bai taɓa sa abu a baki ba sai ya ji na fara. Wanda ke jiran a fara masa, shi ne zai hau banda ya ɗauka?"

Maharbi ya saɓa bindigarsa ya tafi. Bulama ya ce a watse. Yaya ya ɗauki kwanon tuwona ya ce kada a yi asara, ya zauna a wurin ya cinye. Bayan sati aka kama ɓarawon, wani ƙaton muzuru ne da yake kwana a rumbun Iya Tabawa ita kanta. Ta aiko mana da kwano cike da kawunan kifi, alamar ban haƙuri. Yaya ya shinshina ɗaya bayan ɗaya, ya mayar mata da uku.

Shekara biyu bayan haka, an gama yankan shinkafa, tarin ya kwantar da shi. Barsu ba ya shiga gida, wannan dokata ce kuma Yaya bai taɓa karya ta ba, sai ya koma kwana a bayan katanga daidai tagar ɗakin. Kullum da safe Yaya zai sa in miƙo masa rigarsa, ya laluba aljihu, ya gartsa da ƙyar. Kana jin ƙas, sai ka ji jela tana bugun katanga ta waje. Ni nake ɗaukar rabin in jefa ta taga, in zaga in zuba sauran a kasko.

Wata safiya ya gwada sau uku bai iya fasa ta ba. Ya miƙo mini.

"Hajara, sai kin gartsa."

"Allah ya kiyaye. Ka warke ka gartsa abinka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sake gwadawa ta fashe. Kwana biyu bayan nan ya rasu, da hantsi, ina riƙe da kofin kunun da bai sha ba.

Gida ya cika da masu ta'aziyya. Na zuba wa Barsu tsakuwa a kasko kamar kullum, bai taɓa ba. Washegari ma haka. Malam Bitrus ya zo ya duba shi ya ce babu ciwo a jikinsa, ya ba shi da hannu ya ƙi, ya kawo nama ya ƙi. Yana kwance a ƙarƙashin tagar, kunne ɗaya a ɗage. Mutane suka ce ai haka karnuka suke, zai bi mai shi, a ƙyale shi. Ni kuwa na san abin da yake jira tun ranar farko. Na ƙi ne. Haushi nake ji, haushin Yaya da ya tafi ya bar ni ba wanda zan yi faɗa da shi, haushin karen da ya fi ni nuna rashinsa, ga kuma gida cike da matan da suka sha jin rantsuwata.

Rana ta huɗu da safe na zaga na same shi ya kasa ɗaga kai, haƙarƙari a waje kamar lokacin ƙanzo zalla. Na koma ɗakin Yaya. Rigarsa tana rataye a ƙusa. Na sa hannu a aljihun dama, tsakuwa uku ne a ciki. Na fito da su ta tsakiyar mata, ban ɓoye ba, na zaga bayan katanga na tsuguna. Ban san ko zai karɓa daga gare ni ba, ni da ban taɓa kiran sunansa da daɗin rai ba. Na duba ta gaba da baya, na kai baki na gartsa da duk ƙarfina.

Barsu ya ɗago kai. Ya dubi tagar tukuna, sannan ya dube ni. Na jefa masa rabin, ya faɗi a gaban hancinsa, ya daɗe yana kallo kafin ya miƙa wuya ya ɗauka. Nawa rabin yana bakina, ɗaci-ɗaci, ƙauri-ƙauri, da wani abu mai kaifi a ciki. Na tofa a tafin hannu, sai ga ɓarin haƙorina na gaba. Ban san lokacin da na ji bakina ya ce, "Wannan ta bushu" ba. A nan ne kukan da na riƙe kwana huɗu ya ƙwace mini, ina tsugune a bayan katanga, kare yana cin abincinsa a gefena.

Da na ɗago, Iya Tabawa tana tsaye da wasu mata a bakin lungu.

"Hajara, me kike ci haka?"

"Abin da kika gani, Iya."

Aka yi ta magana a unguwa, wai baƙin ciki ya taɓa mini kai. 'Yata ta kawo mini labari tana hawaye, na kaɗa hannu na ce ta bar su. Shekara bakwai Barsu ya ƙara yana tsare gonar nan, da shinkafarta na aurar da 'ya'yana, kuma shekara bakwai ina manta tukunya a kan wuta da gangan. Giɓin nan da jikokina suke tsokanata da shi, an sha cewa in je Kano a cike mini, na ƙi. Gado ne, kuma shi kaɗai ne ba a raba da kowa ba.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya yafe masa taurin kansa, ya yafe mini nawa. Bai taɓa miƙa wa na ƙasa da shi abin da shi bai yarda ya ci ba. Ya Allah, Kai da ka fi kowa sanin haka, ka ciyar da shi daga mafi daɗin abin da ke wurinka, ka sanyaya makwancinsa, ka haɗa mu a inda babu rabuwa. Amin.